Riga Cikin Riga

A Aliero, bayan rumfar Kawu Ɗantani,
inda warin albasa ke riga rana tashi,
nake zaune da kwamfuta guda,
tsohuwa, mai tsagaggen gefe,
wadda na sayo a Jega da ribar kaka biyu.

Na rubuta wa dillalai manhaja:
buhu nawa aka sauke, nawa aka loda zuwa Kurmi,
wa ya biya, wa ya ce sai Laraba.
A hannuna tana gudu kamar ruwan kwari.
To amma kwamfutar sakataren ƙungiya ta girmi ƙanena,
ta ɗan Alhaji Maigishiri sabuwa ce, ko ledarta ba a cire ba,
shi kuwa Huzaifa na jami'a
ya rantse ba ya taɓa komai sai Linuks.
Na'ura uku ke nan.
Aljihuna ko hanyar ta biyu bai sani ba.

Sai na yi ɗakuna a cikin ɗaki.
Na yanka ƙwaƙwalwar na'urata kashi-kashi
kamar mai raba tuwon da bai kai ba:
ga naka, ga naka,
ni mai gida in suɗe kwano.
Tsohon Windos ya shigo yana dogara sanda,
sabon ya shigo da akwatuna, yana raina wurin,
Linuks ya zo da tabarmarsa kawai.
Kowa ya ɗauka shi kaɗai ne a gidan.
Ban gyara musu zato ba.

Fanka ta kama gurnani.
Cinyata ta ɗau zafi.
Batirin sola ya ce saura kwata.

Kawu ya leƙo da goro a kunci:
"Ke Haulatu, mi kika yi nan tun hantsi?"
Na ce kwamfuta uku nake gwadawa.
Ya duba ƙarƙashin teburi, ya duba bayan buhuna.
"Guda nig gani."
Na ɗauko albasa na ɓare masa,
riga, cikin riga, cikin riga.
Ya ce, "Wagga ta fi taki, ba ta biɗar caji."

A ɗakin tsoho ne asiri ya tonu.
Haruffanmu masu lanƙwasa
duk ya mai da su 'yan akwatuna,
kamar sunayen da ɓera ya ci wa kai.
Na nemi Ɗanɓaki, aka ce babu mai wannan suna.
Mutumin da ake bi buhu arba'in
ya wanke tas
saboda ƙugiya ɗaya a kan harafi.
Da a kasuwa aka gano,
da sai an kira Sarkin Dillalai.

Kafin in taɓa komai nakan ɗauki hoton ɗakin.
In gyara, ya rushe.
In danna, ya koma yadda yake da azahar,
ko tabo babu.
Sau bakwai na kashe tsohon nan yau,
sau bakwai ya tashi bai riƙe ni ba.

Bara, ruwa ya shiga rumbun babanmu.
Albasar wata biyar ta zama miya a ƙasa.
Ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu,
ni kuma yatsana yana motsi a banza,
yana laluben inda ake dannawa.

La'asar ta yi sanyi.
Ɗanɓaki ya dawo da ƙugiyarsa da bashinsa.
Na sallami baƙi biyu, fanka ta huta.
Saura Linuks, yana zaune a tabarmarsa,
bai ce komai ba tukuna,
kuma masu shiru ne ke ba ni tsoro.

Allo ya dushe. Sai gobe.
Idona na ruwa,
Kawu ya ce haske ne, na ce albasa ce,
muka bar ta a haka
muka fara jan buhuna ciki.